Ranar da Idanu Suka Bar Hannun Kaka Reme

Sabadell, cikin sanyin Janairu.

Zuwa ga Kakata Encarna,

Gaisuwa mai tarin yawa da girmamawa daga jikanki Genís, ɗan Roser. Ina fata wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Inna Puri da maigidanta da yara. Allah ya ƙara miki kwana masu albarka, ya sassauta miki ciwon gwiwar nan da aka ce ya hana ki hawa bene, ya sa kuma an kammala girbin zaitun lafiya a can Linares. Na san Inna Puri ce za ta karanta ta mayar miki da ita maganar hannu ta kurame. To Inna, ki yi haƙuri da rubutuna, kin san ban yi nisa a makaranta ba. Ku zauna inda haske yake, kuma don Allah kada ki rage komai wai don ki tausaya mata.

Mu nan lafiya muke, godiya ga Allah. Mama tana nan tana aikinta na wanki da guga, sai dai kafaɗa da take kuka da ita idan sanyi ya yi yawa. Ni ma ina nan a shagon gyaran kujeru, aiki ya yi yawa kafin Kirsimeti don kowa yana so baƙi su zauna a kan abu mai laushi, yanzu kuwa ya lafa. Yayarki Kaka Reme jikinta da ƙarfi, tana cin abinci, tana shayar da shukokinta na baranda. Amma tun bara mantuwa ta fara kama ta. Takan ajiye gishiri a firji, wani lokaci ta kira ni da sunan marigayi mijinta Kaka Quimet. Likita ya ba da magani, ya ce yana rage wa ciwon gudu amma ba ya dawo da abin da ya tafi. A kanta ne nake rubuto miki, kuma zan faro daga farko don ki gane abin da nake roƙo.

Zuwanki nan da rani ne, lokacin auren Mama, saboda haka ba ki taɓa ganin wasanmu na Kirsimeti ba, wanda ake kira kinto. A ƙungiyarmu ta kurame akan cika zaure maƙil. Kowa da katinsa mai lambobi da ɗan tulin busasshen wake a gabansa, sai mutum ɗaya ya hau dandamali da kwando mai dogon wuya, cike da 'yan ƙwallayen katako daga ɗaya zuwa casa'in. Ya girgiza, ya zaro, ya nuna lamba da hannu, mai ita ya ɗora wake. Wanda ya fara cikawa ya tafi gida da cuku da alewa da cinyar alade. Mai kiran lambar nan aku ake ce masa, kuma tun kafin a haife ni Kaka Reme ce akun ƙungiyarmu. Takan ce ita kaɗai ce aku a duk garin da maƙwabci bai taɓa kai ƙararta ba. Ba lamba kawai take nunawa ba. Idan ashirin da biyu ta fito, sai ta yi 'yan agwagwa biyu suna iyo, ɗaya yana tsokanar ɗaya. Idan casa'in ce, wadda ake ce wa tsoho, sai ta ranƙwafa ta kwaikwayi tafiyar Kaka Quimet, shi kuma yana ƙasa yana nuna mata cewa su haɗu a gida. Har masu ji sukan zo daga wasu unguwanni don su kalle ta.

Kin fi ni sanin yadda ta bar Linares, can kudu, tana budurwa ta zo aikin masaƙa. Abin da wataƙila ba ta taɓa gaya miki ba shi ne dariyar da aka yi wa hannunta da ta iso. Maganar hannunmu ta nan Kataloniya daban take da taku, kuma matan ƙungiya ba su raga mata ba. Suka laƙaba mata suna Zaitun, wanda har yau da shi ake kiranta. Wadda ta raɗa sunan ita ce Conxita, aminiyarta, wadda yanzu take shugabar ƙungiya. Ita ce ta koya mata ƙirga irin namu a gindin injin saƙa, tana buge mata hannu duk sa'ad da na kudu ya suɓuce. Kaka ta koya har ta fi masu abin. Ni da na tashi a hannunta, ban taɓa ganin ta ƙirga da wani salo ba, har na manta cewa akwai lokacin da hannunta yake da wani yare.

Da Kirsimeti ya matso, sai ta sauko da kwandon kamar yadda ta saba, muka zauna a teburin kicin tana gwaji. Daga ɗaya zuwa goma babu matsala, sai dai wani lokaci tafinta yakan juya wani gefe. Amma daga sha ɗaya zuwa sama, jefi-jefi sai hannunta ya yi wani abu da ban taɓa gani ba, ƙarami, can ƙasa kusa da ciki. Mama ta gani ta fita baranda tana share ido. Ni kuwa na zuba ido kwana da kwanaki, don aikina ya koya mini duba ramukan tsofaffin ƙusoshi kafin in buga sabuwa. Na lura ba shirme take yi ba. Duk lokacin da sha bakwai ta fito, abu ɗaya hannun yake yi, haka arba'in, haka sauran. Na gaya wa Mama, ta ce ciwon ne yake ƙirƙiro mata. Ni ma iyakar inda tunanina ya tsaya ke nan. Ina ganin mai fassara da hannu na Madrid a kusurwar talabijin, amma ban taɓa kula da yadda yake ƙirga ba, balle in haɗa shi da kakata.

Ana nan sai Conxita ta zo gaisuwa da kwalin biskit. Suka rungume juna, Kaka ta ce mata tsohuwar gafiya ta sake yin ƙiba, ita kuma ta ce ai Zaitun ta daɗe a ruwan gishiri shi ya sa ta yamutse. Suka yi dariya, sannan Kaka ta zaro ƙwallaye don ta nuna mata ta shirya. Na ga fuskar Conxita ta sauya. Da za ta tafi ta ja ni matakala, ta rufe ƙofa, ta ce zaure cike da mutane ba wurin wasa ba ne, idan lamba ta rikice a kan cinyar alade sai an yi shekara ba a gaisa ba. Ta ce sun riga sun yanke shawarar sayen babban allo mai nuna lamba da kansa. Na roƙe ta, na ce ko zagaye ɗaya a bar wa Kaka, washegarin Kirsimeti, ta sauka da mutuncinta. Ta ce ɗan Roser, taurin kai irin na kakarka ka gado. Daga baya ta yarda, amma da sharaɗi: in tsaya a bayan Kaka a kan dandamali kamar mai riƙe mata ruwa, in riƙa leƙa ƙwallon, duk sa'ad da hannunta ya kauce in nuna lambar daidai ta saman kafaɗarta. Kuma kada a gaya mata. Mama ba ta so ba. Ta ce uwarta ko a ƙeya tana da ido, gara a zaunar da ita a yi mata bayani. Ni kuwa na ga kamar wannan ce hanya mafi taushi, na lallashi Mama har ta yi shiru.

Ranar ta zo. Bayan mun ci naɗaɗɗiyar taliyar nan da ake yi da ragowar naman biki, Kaka ta sa baƙar rigarta mara ado don hannu ya fito sosai, ta cire zobba ta zuba a kofi kamar kullum. Da muka shiga zaure kowa ya ɗaga hannu sama yana kaɗawa, wato tafi irin na kurame, ita kuma tana tafe tana tsokanar mutane tebur tebur, ta ce wa wani tsoho ya daina cinye waken tun ba a fara ba. Da ta ga na biyo ta dandamali da kwalbar ruwa, ta ce tun yaushe aku ya fara yawo da hadimi. Ta girgiza kwando ta fara, kuma Kaka Encarna, da ma kin gani. Hannu tsaf, fuska tana wasa. Agwagwa suka fito, zaure ya ɗauki dariya har teburori suna girgiza. Na fara tunanin ba za a buƙace ni ba. Sai sha bakwai ta fito, hannunta ya sauka ƙasa ya yi wancan abin. Na ga gira tana ɗagawa a ko'ina, mutane suna duban juna. Na ɗaga hannuna ta saman kafaɗarta na nuna tamu, kawuna suka sunkuya, wake ya sauka a kati. Ba ta lura ba. Na ce a raina dabara ta yi aiki.

Daga nan sai ta ƙara sauri, kuma ba ta sake komawa namu ba. Ƙwallo bayan ƙwallo, duka da wancan salon, fuskarta ta washe kamar ta yarinya, ban taɓa ganin ta haka ba. Ni kuma ina baya ina binta. Abin da ni da Conxita ba mu yi tunani ba, kuma ya kamata a ce mu ne farkon masu tunaninsa, shi ne ido. Ke kin sani, wanda ba ya ji da ido yake saurare, kuma kawar da ido daga mai magana daidai yake da juya masa baya. Mutanen zaure, da suka gane daga wurina lambar take fitowa, sai suka daina kallonta gaba ɗaya. Matar da ta shekara talatin tana karanta waɗannan idanun ta ga dukkansu sun ɗan hau sama, sun ɗan karkata hagu. Ta tsaya da ƙwallo a hannu. Ta bi kallon nasu a hankali kamar mai bin zare, ta juyo, ta same ni hannuwa a sama da lamba a yatsuna. Ba ta yi faɗa ba. Da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta dubi hannuna, ta dubi nata. Sannan ta juya wa zaure baya don kada kowa ya gani, ta tambaye ni tun yaushe. Na ce tun sha bakwai. Ta gyaɗa kai, ta ajiye kwando a kan kujera, ta sa hannuwanta biyu cikin aljihu, ta sauka. Conxita ta kashe fitila ta kunna don ta jawo hankalin mutane, ta hau ta ƙarasa zagayen da kanta.

Mama ta tafi da Kaka gida, ni na tsaya tattara kujeru don ban san inda zan sa kaina ba. Sai wata mata ta taɓa mini kafaɗa. Sunanta Araceli, kurma ce daga ƙasar Kordoba, can kudu, ba ta daɗe da auren wani ɗan ƙungiyarmu ba. Ta zauna ne a gefe inda ginshiƙi ya kare ni, Kaka kaɗai take hange. Tana riƙe da katinta a kan tafi, wake bai motsa ba. Ta tambaye ni me ya sa tsohuwar ta sauka, ta ce tun da ta zo garin nan yau ne karo na farko da ta yi wasa ba tare da ta zunguri mijinta ya fassara mata ba, har ta ɗauka don a yi mata maraba ne aka yi kiran da lambobin gida. Ta ce yawancinsu su ne ake yi a kudu har Madrid, wasu tsofaffi ne da sai a hannun dattawan garinsu take gani, biyu ko uku kuwa ba ta san su ba sam. Conxita tana tsaye tana kallo. Ta karɓi katin, ta duba shi da ƙwallayen da suka fito, ta ga kowane wake yana inda ya kamata. Sai ta nemi kujera ta zauna. Ta ce ita da hannunta ta kore waɗannan lambobi daga hannun Zaitun, ga shi sun dawo gida ba ta ko gane fuskarsu ba.

Kwanakin da suka biyo baya sun yi mana nauyi. Kaka takan ci abinci, ta gyaɗa kai, ta girgiza kai, amma hannu yana aljihu. Gidanmu bai taɓa yin shiru irin wannan ba. Conxita ta zo ba da haƙuri, Kaka ta juya fuska ga taga har ta gaji ta tafi. Ba zan ɓoye miki ba, maganar dandamali ta ƙare. An riga an kafa allon, kuma ko da kowace lamba tata daidai ce, zauren ba ya jin yaren da hannunta ya koma. Abin da ke damuna shi ne ba ciwon ne ya sauke ta ba. Da na tsaya na tambaye ta tun a teburin kicin ko mene ne wannan, da ta gaya mini, da wataƙila mun tsaya gefe da gefe a gaban kowa, ita da nata ni da namu, ta sauka ana kaɗa mata hannu. Na iya lura da hannunta kwana da kwanaki, amma tambaya ɗaya ban yi mata ba.

Na roƙi Araceli ta riƙa biyowa shago lokacin hutun rana. Mukan zauna a kan kujerun mutane da ba a gama ba, in nuna tamu ta nuna tasu. Har zuwa goma kamar 'yan ɗaki ɗaya suke, ka gane wannan ka gane wancan. Daga nan sai hanya ta rabu, wasu su yi kama kaɗan, wasu ko kusa. Ta ce mu idan muna ƙirga kamar masu yarfe ruwa bayan wanke kwano, na ce su kuma kamar masu ɗaura ƙwan fitila. Mai shagonmu yana wucewa ya ce ko cacar asiri muka buɗe masa. Da na ga na riƙe 'yan kaɗan, ranar Lahadi bayan cin abinci na sauko da kwando, na zauna a gaban Kaka, na zaro ƙwallo na nuna lambar da salon kudu. Ta ci gaba da kallon taga. Na zaro na biyu. A na uku sai hannu ya fito daga aljihu ya kai wa nawa duka. Ta ce ni jaki ne, babban yatsana barci yake yi, wane ne ya koya mini wannan ɓarna. Da na ce 'yar Kordoba ce, ta ce ai shi ya sa, mutanen Kordoba ba su taɓa iya ƙirga ba. Ta kama yatsuna ta lanƙwasa su ɗaya bayan ɗaya. Mama tana bakin ƙofa ta toshe baki da tawul.

Mun daɗe a kan teburin nan. Ta ba ni labarin makarantarku, yadda ake sa ku zauna a kan hannuwanku don a tilasta muku magana da baki, ku kuma kuna zaro su a ɓoye kuna ƙirga a ƙarƙashin benci. Ta ce shi ya sa naku ƙanana ne kuma a ƙasa ake yin su, ba irin na talabijin ba. Tana cikin wannan nishaɗi na zaro sittin da takwas. Ta duba ƙwallon, ta ɗaga hannu biyu, sai suka tsaya a iska. Tamu ba ta zo ba, taku ma ba ta zo ba. Na jira, ban taimaka ba, don na koyi darasi. Can sai ta ɗora yatsa a kan haɓa, wato sunanki, ta ce in je in tambayi Encarna, ita ce mai kan lissafi, tana nan ɗaki na gaba tana tsefe kai. Na ce mata to, zan tambaye ta.

Shi ne nake tambaya, Kaka. Ina roƙonki ki sa riga mai duhu, ki zauna kusa da taga, Inna Puri ta ɗauke ki da waya kina ƙirga daga ɗaya zuwa casa'in. Ba irin na yanzu ba, irin na ƙarƙashin benci, har da waɗanda Araceli ba ta sani ba, don in ba a hannunki ba ban san inda suka rage ba. Ki yi a hankali, kin ji abin da yayarki ta ce game da babban yatsana. Idan kuwa gwiwa za ta bari, abin da ya fi shi ne ki zo da kanki lokacin bikin Ista. Zan zo da jirgin ƙasa in ɗauko ki, kuma na riga na sake cusa wa wata kujera mai tsayi auduga saboda ke. Kada a ja lokaci, don kowane mako wani abu yana ficewa daga hannun Kaka Reme. Conxita ta ce idan kin zo ita ma za ta zauna a koya mata, kuma ta yarda a buge mata hannu.

Mama tana gaishe ki da kyau, tana gaida Inna Puri da maigidanta Kawu Eusebio, da yara Nieves da ƙaramin Paco. A gaida maƙwabciyarku Dolores da ta aiko mana da man zaitun bara, har yanzu muna ci. Kaka Reme ba ta san ina rubutu ba, a wurinta kina ɗaki na gaba. Ƙwallon sittin da takwas ban mayar da shi kwando ba, yana bisa kantar ajiye kaya kusa da kofin zobbanta, yana jiran amsarki. Ranar da ta iso za mu yi wasanmu a teburin kicin, Kaka Reme ce aku, ni kuma a gabanta zan zauna, idona a kan hannunta.

Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Jikanki mai ƙaunarki,
Genís